Sunan da Ya Fita Neman Mai Shi

Asabar, da hantsi. Tudun Bulama, daminar 1954 a ƙidayar Turawa

Tun ina ƙarami na ji ana cewa ba a raɗa wa wada suna a tatsuniya. Wai sunan ba ya yarda ya zauna cikin labari. Da an watse hira sai ya sulale ya bi mutane gida, yana leƙa ɗakuna har ya samu wanda zai manne wa. Kakata ce ta fara gaya mini. To amma ita ɗin, Allah Ya yi mata rahama, ita ce dai ta gaya mini kada yana jin Barbarci, shi ya sa ba ya cin mutanen gabas. Saboda haka na haɗa maganganun biyu na ajiye su wuri guda.

Abin da ya tono mini wannan shi ne zuwan Malam Abdulwahid, mai koya wa manya boko. Jiya ya iso a jirgin Fannami, abokina Babarbare, wandonsa a naɗe har gwiwa, ya same mu a nan tudu inda muka yi gudun ruwa. Kogi ya cinye shinkafa, ya cinye unguwar ƙasa, yanzu yana lasar gindin kukar masallaci. Gari guda muka cunkushe a bukkokin zana, tarin kowa a kunnen kowa.

Ya ce labari ya kai Haɗeja wai akwai tsoho mai gemu da ke yi wa yara tatsuniya. Na ce gaskiya ne. Wasu gona suka gada, ni sana'ar tsofaffin mata na gada, kuma bana ruwa bai ci tawa ba. Yana son ta wadannin ƙarƙashin gaɓa, za a sa ta a ɗan littafin koyon karatu. Ya ba ni takardu in rubuta da ajami, shi ya juye zuwa boko. Sai dai da sharaɗi: Baturen da ke duba aikin ya ce littafi ba ya son "wani" da "wata". Kowane wada sai da sunansa.

Na ce wannan ai ba wuya, ni da na raɗa wa 'ya'ya da jikoki.

Takardun sun yi yawa, ga zaman banza. Bari in riƙa zuba surutuna a bayansu.

Lahadi, bayan azahar

Ashe da wuya.

Labarin dai kowa a nan ya san shi. Wadanni ne ke zaune ƙarƙashin gaɓar kogi, suna gadin wani ƙaton tulu wanda daga cikinsa ruwan ke fitowa. Tsohon cikinsu ya yi gyangyaɗi a bakin aiki, kada ya zo ya sace murfin ya yi malafa da shi, ruwa ya yi ta tuttuɗowa. Mace ɗaya a cikinsu ita ta fita neman murfin. Kakata ta ƙare rayuwarta tana ba da shi, ba ta taɓa kiran ko ɗaya da suna ba. Tsohon, mai cin nan, ita macen. Shi ke nan, kuma babu yaron da ya taɓa ɓata a ciki.

Na fara da sunan yanka. Na rubuta Abubakar, na lashe. Wa ya yanka masa rago? Wa ya san inda yake fuskanta in zai yi sallah, in ma yana yi? Liman sai ya tsare ni a ƙofar masallaci. Na koma sunan rana, in ce Larai, sai na tuna a ƙarƙashin ƙasa ba a ganin rana balle a san Laraba, ga shi kuma kowane gida da tasa Larai. In sa Buba, Fulanin bayan tudu su ɗauke nononsu. In sa na Barebari, Fannami ya ajiye ni a tsakiyar kogi. Akwai sunayen da ake ba bayi a da, waɗannan ban ko kusance su ba, jikokinsu na nan muna sallah sahu ɗaya. Na 'yan wabi kuwa, irin su Ajuji, hawayen uwa ne a cikinsu, ba abin dariya ba.

Sai na ga zaman lafiya shi ne sunan abin da ba shi da dangi. Mai ci na sa masa Akushi. Mai gulma, Faifai, don babu gidan da ba a aronsa. Tsohon, Gyangyaɗi. Macen ce ta ba ni wuya. Ina zaune ina kallon ruwa, ya tafi da rumbu, ya tafi da danga, ya tafi da akuyar Bulama tana kuka, amma kututturen giginyar nan na bakin mashaya yana nan inda yake. Na ce yawwa. Wadda ruwa ba ya iya ɗauka. Kututture.

Na ji daɗin kaina ƙwarai.

Ina cikin wannan amaryata ta kawo mini fura. 'Yar'azumi ke nan, jikata, ɗiyar Bala. Ubanta yana aikin reluwe a Malam Madori, ruwa ya shiga tsakaninmu da shi. Ta leƙa takardar ta ce angon nata ya tsufa, rubutunsa kamar kaza ta taka tawada. Na ce zan sake ta in auri 'yar Bulama. Ta ce 'yar Bulama ba ta dama wa marar haƙori. Ta hau buhun da nake jingina da shi ta zauna, yadda ta saba don kanmu ya zo daidai, ta shanye mini rabi.

Litinin, bayan isha

Na ba da shi da sababbin sunaye, don in ji yadda suke a baki kafin su shiga littafi. Yara sun cika gaban bukka, har da iyayensu a baya suna yi kamar sauro suka fito kora. Akushi ya sha dariya. Da na zo kan Kututture na siffanta ta yadda kakata ke yi, gajerun ƙafafu, tafiya da rangaji, sai ta taka dutse take kai hannu bakin tulu. Gana ɗan Fannami ya fi kowa dariya, yana yi yana waiwaye. Ban duba inda yake waiwayen ba.

Laraba, da safe

Na jiyo yara a bakin mashaya suna rera "Kututture, Kututture" suna tafi. Na ce wa Iya, matata, tatsuniya ta karɓu.

Laraba, da la'asar

Ba tatsuniyar suke yi wa ba.

Alhamis, da hantsi

Iya ce ta kawo fura yau. Tun gashina yana baƙi nake zaune da matar nan, na san yadda take dire ƙwarya in da magana a bakinta. Na tambayi amaryata. Ta ce tana ɗaki. Na ce zazzaɓi ne? Ta ce ɗan tulun da yarinyar ta tafi ɗibar ruwa da shi yana can mashaya a fashe, ita ta je ta tsince ɓaraguzan don kada su yanki wani.

Na ce ni ban kira sunan kowa ba.

Ta ce, "Malam, kai da ka san abin da ke gidanka."

Furar duk gudaji. Na shanye ta haka nan.

Juma'a, bayan masallaci

Ba ta fito ba. Liman ya roƙi Allah Ya janye ruwa. Na ce amin, amma ba ruwa ne a raina ba.

Asabar, da la'asar

Fannami ya jawo Gana da kunne har gabana, ya ce ya zane shi jiya, in ina so ya ƙara. Na ce ya sake shi. Yaro abin da ya ji a bakin babba yake juyawa.

Da yaron ya gudu sai Fannami ya zauna yana ɗinkin komarsa. Tare muka koyi iyo da mutumin nan, ba ya yi mini kara. Ya ce, "Shu'ibu, kai kaɗai ne ba ka gani ba, ko kai kaɗai ne ka ƙi gani? Azumi ɗaya aka haife ta da Umma ta gidan Bulama. Umma yau tana goyon ƙaninta tana daka. Taka kuwa turmin ne sa'anta."

Na ce wasu yaran suna jinkiri, daga baya su miƙe kamar gamba. Ya ce shekara tara ba jinkiri ba ne.

Ya ƙara da cewa su ma a gabas suna da maganar, sunan wada ba ya kwana a tatsuniya. Na ce masa ai shi ya sa kada ba ya cin su, ɗaci gare su. Ya yi dariya don ya taimake ni. Ni ban yi ba.

Abin da na gane bayan ya tafi shi ne wannan. Garin nan ya daɗe yana kallo. Manya kunya ta rufe musu baki, yara kuma ba su da kalmar. Ni na zauna na sassaƙa musu ita, na yi mata ƙota, na miƙa.

Litinin, bayan isha

Wanda ya ɗaure kura shi ya san yadda zai kwance ta. Na ce in sunan ya zama na jaruma, zagin ya koma kirari. Don haka yau na sa Kututture ta ratsa kogi a kan gora, ta yi wa tarwaɗa wayo ta nuna mata gidan kada, ta shiga har tsakar gidansa ta ja masa wutsiya a gaban matansa. Ban taɓa ba da labarin da kyau kamar yau ba. Buhun da ke bayana babu kowa a kai.

Talata, da safe

Sun taru bayan bukkar uwarta suna kira, wai ta fito ta kamo musu kada. Iya ta watsa musu ruwan wanke-wanke. Da ta juyo sai ta dube ni, da sauran ruwa a ƙwaryar. Na ga tana shawara.

Laraba, da azahar

Ruwa ya ja baya kaɗan. Ba ta fito ba. Iya ta ce loma biyu take ci ta ture.

Alhamis, bayan azahar

Hajo, surukata, uwar yarinyar, tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa ɗaga ido ta dube ni ba, haka aka rene ta. Maganarta ta bakin Iya take biyowa. Yau ta biyo.

Yayarta Uwa, a Kirikasamma, ta daɗe tana neman a ba ta 'Yar'azumi riƙo. Gidanta a bayan gari yake, ita da mijinta kawai. Hajo ta amince. Alhamis mai zuwa Fannami zai kai busasshen kifi can, za a sa ta a jirgin. Bala ya bar magana kafin ya tafi, abin da mata suka ga ya dace a yi.

Ina da ikon in ce a'a. Jikata ce, jinin gidan nan. Iya ta san haka, shi ya sa ta tsaya tana jira. Na ce in na hana, na hana don wa, don ita ko don furata? Ta ce ita ma abin da ta zo ji ke nan.

Na bar maganar a hannunsu.

Riƙo suke cewa. In aka kai yaro gidan da babu yara, a bayan gari, ni na san sunan abin.

Asabar, da hantsi

Na bi Fannami muka je duba gida. Katangar yamma ta zauna, rumbun Bala ya tafi yawon duniya. Zaure yana nan, da ruwa a ciki, da wani kwaɗo a kan shimfiɗata yana kallona kamar ni ne baƙo.

A jikin gungumen ƙofar zaure akwai zanen da nake yi da wuƙa duk ƙaramar Sallah, in tsayar da 'Yar'azumi in auna. Na ƙasa suna da tazara. Na sama sun hau kan juna, har wuƙa ta rasa inda za ta shiga. Na daina tun shekarar da Bala ya kai ta asibitin Haɗeja. Abin da malamin asibiti ya faɗa, a zauren nan Bala ya tsuguna ya gaya mini. Ba zan rubuta shi ba. Takardar ta mutane ce.

Ruwan ya tsaya ƙasa da zanen ƙarshe kaɗan. Na daɗe ina kallon wannan, har Fannami ya ce in na gama gaisawa da ƙofa mu tafi.

Lahadi, da la'asar

Malam Abdulwahid ya dawo karɓar takardu. Na ce akwai suna ɗaya da nake so a cire. Ya ce wannan ai ba komai, ya fito da wani ɗan roba ya goge wurin a tasa takardar, ya hure. Fes. Na tambaye shi ko robar tana aiki a bakin yara.

Yaron kirki ne. Da ya gane sai ya ce ko a bar tatsuniyar gaba ɗaya, ya gaya wa Bature ruwa ya ci ta. Na ce masa magana zarar bunu ce, ko an ƙone littafin ba za ta koma ba. Ya ce zai jira mako guda.

Na yanke shawara. Suna ba ya mutuwa sai mai shi ya mutu. Ranar Laraba kada zai haɗiye ta, a yi ƙurunƙus, yara su yi ɗan juyayi su manta. Ko ba ta ji amfanin hakan a nan ba, in ta zo ganin gida wata rana ba za ta tarar da sunan yana jiranta a mashaya ba. Na gaya wa Iya. Ta ce in yi abin da na ga dama, amma in riƙa rage murya, zana ba bango ba ne.

Litinin, da azahar

Hajo ta wanke mata zannuwa. Na gan su a shanye a kan danga. Ƙanana ƙwarai.

Talata, da hantsi

Tun ranar da ta daina fitowa na mayar da tabarmata gindin bukkar uwarta. Na ce wa mutane inuwar can ta fi. Babu inuwa a wurin.

Yau ina jingine da zanan sai na ji an ce, "Tsoho."

Ba ango ba. Amma murya ce, na karɓa.

"Gaskiya ne za ka kashe ta?"

Na ce haka na yi niyya.

"Kada ka kashe ta. Ba ta samo murfin ba."

Ashe duk daren hira tana nan maƙale da wata ɓula a jikin zana. Ta ji na gora, ta ji na tarwaɗa, ta ce wurin jan wutsiyar ya fi ko'ina daɗi, sai dai na yi saurin wucewa. Na ce mata sunan ya yi ɓarna, gara a binne shi. Ta ce ita macen me ta yi da za a ba kada? Wanda ya sa sunan ai yana nan da ransa.

Na rantse mata yabo na nufa. Na ba ta labarin kututturen giginya, yadda ruwa ya tafi da komai ya bar shi. Can ta tambaya kakata me take ce wa macen. Na ce ba ta ce mata komai.

Ta ce, "To ta fi ka hankali."

Na ce wannan an daɗe da sani.

Sai ta tambaya, in ta zo gobe, zan bar ta ta yi magana? Na ce tun yaushe jika ke neman izinin kaka kafin ta yi masa rashin kunya? Na ji wani ɗan sauti ta cikin zanan. Ba zan rantse dariya ce ba.

Laraba, bayan isha

Bari in rubuta tun yana da zafi.

Taron ya fi na kullum, don labari ya zaga yau za a yi mutuwa. Na yi ta jan lokaci, ina gyara zama, ina neman goro. Ba ta zo ba. Na buɗe baki na ce ga ta nan ga ta nanku, yara suka amsa, sai amsar ta yanke a tsakiya.

Ta ratso ta cikinsu. Tafiyar nan tata, da rangajin. Yau na kalle ta sosai, ban kawar da kai ba, kuma ina jin yau ne na fara. Gana ya buɗe baki, hannun ubansa ya sauka a ƙeyarsa, ya rufe. Ta zo ta kama kafaɗata ta hau buhu.

Ta ce an yi kuskure a wajen raɗin suna, ita ta zo gyarawa. Macen da ta ratsa kogi, ta shiga gidan kada, tun da ruwa ya zo ba ta zauna ba, ta ina ta zama kututture? Kututture ai abin da ke zaune ne.

"Ku duba tudun nan. Tun da muka hawo, wa ya ga wannan ya ɗauki ko tsinke? Maza suna kafa bukka, yana zaune. Mata suna tsamo hatsi, yana zaune. Ruwa ya zo ya same shi a nan, zai koma ya bar shi a nan. Shi ne ma ya yi gyangyaɗi aka sace murfin. Ga Kututture nan da gemunsa."

Babu ɗan da aka haifa a garin nan da zai yi wa mai furfura dariya a gaban iyayensa. Da wani yaron ne ya faɗa, da yanzu ana neman tsumagiya. Amma bakin jika a kan kaka ba shi da linzami, kowa ya san wannan, sai dai suna jira su ga ko zan karɓa.

Na miƙe zaune na ce na sake ta saki uku, a mayar mini da sadakina, goro ɗaya da ɓari. Na ce ƙarya take, ni ban taɓa gyangyaɗi ba a rayuwata. Ina cikin rantsuwar sai na bar muryata ta yi ƙasa, idona ya lumshe, kaina ya rinjaya gaba har hulata ta faɗi cikin toka.

Fannami ne ya fara fashewa, irin dariyarsa ta jaki. Daga nan tudu ya ɗauka. Mata a baya suna riƙe ciki, Bulama yana tari don kada a ce ya yi. Hannunta yana kan kafaɗata, ta damƙe rigata da ƙarfi. Ni kaɗai na ji.

Da aka lafa Gana ya tambaya, a hankali, yana kallon ubansa, to ita macen mene ne sunanta?

Ta ce, "Yana wurina. In ta samo murfin na faɗa, in na ga dama."

Saboda haka kada ya kwana da yunwa yau. Na mayar da labarin wurin jan wutsiya, na yi shi a tsanake. Can baya inda hasken wuta ya ƙare na hango Hajo a tsaye, gefen mayafi a bakinta. Da ta ga na gan ta sai ta juya.

Alhamis, da hantsi

Fannami ya gama lodin kifi ya tsaya yana gyara abin da ba ya bukatar gyara. Ni ma na sauko bakin ruwa, abin da ban yi ba kwana da kwanaki, don in ƙaryata wata magana.

Iya ta zo hannu wofi. Ta ce Hajo ta ce ruwa ya yi ƙarfi da yawa, ba a sa yarinya a jirgi yanzu, a bari sai kaka. Muka dubi kogin. Tun da muka hawo tudu bai taɓa kwanciya kamar yau ba, har balbela tana tsaye a inda jiya sai da gora. Babu wanda ya yi mata gyara.

Da Fannami ya tura jirgin sai ya ɗaga murya, a gaban Bulama, a gaban Liman, a gaban masu wanki: "Kututture, me za a sayo maka?"

Na ce goro. Fari, in akwai.

Asabar, da la'asar

Ba wai komai ya gyaru ba. Jiya wani yaro ya sake jefa mata sunan a mashaya, ta dawo fuska a ɗaure, ba ta yi wa kowa magana ba sai magariba. Amma tulun ya dawo lafiya, da ruwa a ciki. Kaka kuma za ta zo, Uwa za ta sake aiko. Zanen ƙofar zaure ba zai ƙara hawa ba. Wannan na faɗa wa Iya da bakina jiya, ta ce ta ji, ta ci gaba da tankaɗe, amma ta daɗe a kan garin da ya riga ya yi laushi.

Ni kuwa na shiga uku. Matan Bulama suna aiko a gaishe da Kututture. Liman in ya gan ni sai ya ciji leɓe. Mai nono ta tambayi yara ina bukkar Baba Kututture, aka nuna mata ba tare da shawara ba. Na kwashe shekaru ina gyara sunan da ubana ya yanka wa rago, ga wanda ba a yanka wa ko fara ba ya hau kansa ya zauna.

Malam Abdulwahid ya tafi da takardunsa. Akushi, Faifai, da tsoho Kututture mai gyangyaɗi. Macen babu suna. Ya ce Bature zai tambaya. Na ce a gaya masa mai riƙe da sunan ba ta ba da izini ba, in yana so ya zo ya roƙe ta da kansa, ya taho da alewa.

Ɗazu amaryata ta kawo fura, babu gudaji ko ɗaya. Ta hau buhu, ta ce ta yafe sakin tun da babu mai kwasata in ba ita ba. Ta kurɓa, ta dube ni ta saman ƙwaryar.

"Ka gani ko? Ba a sa wa wada suna. Fita yake ya nemi mai shi."

Na ce wa ya gaya mata wannan shirmen?

Ta ce, "Ba ga shi ya same ka ba?"

Zancen kada da Barbarci har yanzu ina da ja. Amma ɗayar maganar na ɗauko ta daga inda na ajiye, na kakkaɓe. Kakata ce ta fara gaya mini, ban yarda ba. Fannami ya maimaita, na mayar da shi wasa. Wadda ta gaya mini ta ƙarshe, tana zaune a kan buhu kanta daidai da nawa, da furata a leɓenta, ita ce 'Yar'azumi ɗiyar Bala.